Teku da Ɗan Farinta

Ku matso ku ji dalilin da ya sa Teku take miƙewa tsaye, ta yi tsawon rimi, ta faɗa wa jiragen ruwa.

A da can Teku shimfiɗe take kamar tabarma, jirage na bi ta kanta ba ta ko motsi. Ɗanta ɗaya, Anaruwa, saurayi ne da ya san kowace hanya ta ruwa.

Ran nan wani falke mai suna Jatau ya yi wa jirginsa lodin goro, amma bai san hanya ba. Ya durƙusa a gaɓa ya ce, "Inna, ara mini ɗanki ya raka ni. Kwana bakwai zan dawo da shi."

Teku ta ce, "Ku je, Allah ya tsare." Ko kallon yaron ba ta yi ba, don ɗan fari ne, kunyarsa take ji. Sunansa ma ba ta taɓa faɗa ba.

Jatau ya ga jirginsa bai ƙara ɓata ba. Mutumin banza, sai ya kulle Anaruwa a can ƙasan jirgi, ya daina biyowa ta wannan gaɓar.

Kwana bakwai suka wuce, wata ya wuce. Teku tana ƙuna a ciki, amma ta yi shiru, kada a ce ta damu da ɗan fari. Sai da shekara ta zagayo ta tare wani jirgi.

"Bayin Allah, ba ku ga yaron nan ba?"

Matuƙin ya ce, "Wane yaro, Inna? Faɗi sunansa."

Bakinta ya yi nauyi. Mutanen jirgin sun san wanda take nufi sarai, amma suka yi dariya suka wuce. Jirgi na biyu ma haka, na goma ma haka. Wannan dariyar ce ta fi ba ni haushi a labarin nan.

Daga nan ta bar tambaya. Ta tattara jikinta ta miƙe don ta leƙa da idonta. Jirgin farko da ta leƙa, nauyinta ya kife shi. Ta farfasa katakon tana dubawa, babu Anaruwa.

Shi ya sa har yanzu in jirgi ya gifta, Teku takan tashi ta rufta masa, ta binciki cikinsa. Kuma ba ta san cewa jirgin farkon nan da ta kife na Jatau ne ba, Anaruwa yana kulle a ɗakin da bai fashe ba.