Tsani Mai Matakala Takwas

Akwai wani tsohon direban babbar mota da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Baba Ƙa'ida. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙi, bai taɓa kifar da kaya ba, bai kuma taɓa tada mota ba sai ya zaga ya ƙwanƙwasa kowace taya. Da ya ajiye aiki, sai ya dawo gida da halinsa duka. Ko labule za a rataya, sai ya ɗauko tef ɗin awo.

Matarsa, wadda yake kira Uwar Yara, tana da yaya mace guda ɗaya, ita ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yayar tana zaune a wani gari mai nisan kwana uku a mota, rabonsu da ganin juna shekara tara.

Wata safiya 'yar yayar ta bugo waya. Ta ce jikin tsohuwa ya yi rauni, cin abinci ya ragu, kuma kullum sai ta tambayi ƙanwarta.

Baba Ƙa'ida ya ce shi da kansa zai kai ta a ƙaramar motarsu. Sai dai ya san masaukan kan hanya ciki da waje: katifa mai kuɗin cizo, ƙofa babu sakata, bayan gida ba a magana. Ya kuma daɗe yana ganin matafiya da tanti a naɗe a saman mota, in sun tsaya su buɗe shi kamar akwati, su jingina tsani su hau su kwanta. Tun yana kan aiki abin yake ba shi sha'awa. Yanzu ya sami dalili.

Uwar Yara ta ce ai dare biyu ne kawai a hanya, ko a ina suka kwana ba laifi. Ya ce matarsa ba za ta kwanta inda shi ma dole ce ta kwantar da shi ba. Maganar ta yi kama da girmamawa, sai ta ƙyale shi.

Ya samo tantin, ya kai motar wurin mai walda, wata rumfar kwano da ke cike da guntayen ƙarfe da warin fenti. Ya duba littafin motar ya ga kilo nawa rufinta yake ɗauka in tana tafiya. Ya ɗora tantin a sikeli. Kariyar farko da aka ƙera, wato ƙarfen da tantin zai zauna a kansa, ya ce a kwance ta, domin ƙafafunta sun zauna a tsakiyar rufi inda ƙarfen ba shi da kauri, ba a gefe saman ƙofofi ba. Ta biyu ma ya ƙi ta saboda noti ɗaya da bai zauna daidai ba. Da ya auna tsawon motar da tantin a kanta, sai ya ga ba za ta shige ƙofar gidansa ba, saura yatsa huɗu. Ya kira magini aka ɗaga saman ƙofar.

Aikin kwana huɗu ya koma mako uku.

Mai walda ya yi ta tsokanarsa, yana cewa ko jirgin sama ba a yi masa irin wannan binciken. Amma ranar da aka zo gwada tsanin, sai ya daina dariya. Ya tambayi wanda zai kwana a saman. Da aka ce Baba ne da Mama, ya sosa ƙeya ya ce mahaifiyarsa sa'ar Mama ce, kuma ko dokin ƙofa ba ta tsallakewa sai ta dafa bango. Tsanin nan matakala takwas ne, kowace ba ta fi faɗin yatsa uku ba. Ya ba da shawara a cire kujerar baya a shimfiɗa wa Mama katifa a cikin motar, shi Baba ya hau sama.

"Aikin ƙarfe na kawo maka," in ji Baba Ƙa'ida. "Matata kuwa na riga ka saninta da shekara arba'in."

Auta, 'yarsu da ke aure a bayan layinsu, ta zo ita ma ta tuna masa cewa shekara biyu ke nan Mama a kan kujera take salla saboda gwiwa. Ya ce tsanin yana ɗaukar kilo ɗari da hamsin, mahaifiyarta kuwa ko rabin haka ba ta kai ba. Ya amsa tambayar da ba wanda ya yi masa, ya koma kan sifanarsa yana ɗaure noti.

Auta ta shiga ɗaki ta roƙi mahaifiyarta ta fito fili ta ce ba za ta iya ba. Uwar Yara tana zaune kusa da jakarta, wadda ta ɗaure tun makon farko ta ajiye a bayan ƙofa. Ta ce tun da mutumin nan ya bar aiki yake zama a ƙofar gida yana kallon motocin da ke wucewa kamar maraya. Yanzu ga shi yana tashi da fito, yana cin abinci har da ƙari. Ba ita za ta kashe masa jiki ba, za ta lallaɓa.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya buɗe tantin a tsakar gida don gwaji. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko motsi kariyar ba ta yi. Ya hau, ya sauko, fuskarsa kamar ta ango, ya ce Uwar Yara ta zo ta ga ɗakinta.

Ta gyara ɗaurin zaninta ta kama tsanin. Matakala ɗaya, ta huta. Ta biyu, ta ciji leɓe. Haka har ta kai sama. Ta zauna ta shafa katifar, ta leƙo ta ce Allah ya yi albarka, ɗaki ya yi kyau.

Hawa da ƙarfin hali ake yin sa, sauka kuwa sai da gwiwa. Ta juyo da baya tana laluben matakala da ƙafa. A ta uku daga sama gwiwar hagu ta lanƙwashe, hannunta ya suɓuce, ta faɗo a kan siminti.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki, likita ya ce sai bayan wata huɗu a yi zancen doguwar tafiya. Ya kuma tambayi wanda ya bar mace mai irin wannan gwiwar ta hau tsani. Auta ta dubi ƙasa.

Kwana goma sha tara bayan haka, da hantsi, yana tsaye a barandar asibitin wayarsa ta yi ƙara. 'Yar yayar ce. Tsohuwa ta cika.

Ya daɗe a bakin ƙofar ɗakin kafin ya shiga. Uwar Yara ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta gane. Ta yi salati, ta miƙa hannu ya ba ta wayar. Ta kira, ta yi ta'aziyya da murya a sanyaye, sannan ta tambaya ko Yaya ta san dalilin da ya hana ta zuwa.

'Yar ta ce ba su gaya mata ba, gudun kada hankalinta ya tashi. Cewa suke yi ana gyaran mota. Shi ya sa kullum da safe sai ta sa a share ɗakin baƙi a canja zanin gado, har jiya.

Ɗakin shiru ne, duk abin da aka faɗa a wayar ya shiga kunnen Baba Ƙa'ida. Ya matso, ya gyara mata matashi, ya ja bargo, ya kama murɗa ƙarfen gadon don ya ɗaga mata kai, yana cewa ta yafe masa, ta yafe masa.

"Na yafe maka, Malam," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. "Amma ka zauna. Yau kada ka gyara komai. Ka bar ni in yi kukan yayata."

Ya saki ƙarfen ya zauna. Ta juya fuskarta bango, ta fara.

Darasi: Alherin da ba a tambayi mai karɓarsa ba, sau da yawa son ran mai bayarwa ne ya sa rigar alheri. Kafin ka yi wa mutum hidima, tambaye shi abin da yake bukata, kuma ka saurari amsar. Ke kuma da kike haɗiye gaskiya don kada ran wani ya ɓaci, ki sani wannan shirun ba ladabi ba ne. In an ce tsoho yana cigiyarku, ku tashi da abin da ya samu. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana shirin ziyara yana ta ɗagawa.