Rijiyarmu da Bakin Hakimi

Har yau ina jiran Hakimi Barau ya ba unguwarmu haƙuri. Wani baƙo Bayahude ne ya gaya masa addininsu ya hana shan ruwan da ido ke ganin ƙwari a ciki. Sai gwanin ilimi ya aro madubin likita, ya duba ruwan rijiyarmu, ya ga halittu suna iyo.

Ya ce, "Duk inda madubin nan ya nuna mai rai, a cike wurin da ƙasa!"

Dije mai ƙosai ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ko'ina?"

"Ko'ina!"

"To, tofa yawunka mu duba."

Ya tofa, ya leƙa, ya kasa ɗagowa.

Dije ta ce, "Dogari, ga shebur. Da wanne za a fara?"