Rasit a Aljihun Wendell

Akwai wata mata a nan garinmu na Toledo, sunanta Marge Pruitt, farar fata ce. Shekara goma sha tara tana tsaye a ƙofar fita ta wani katafaren kanti, tana duba rasit ɗin masu sayayya, ta ja masa layi da alƙalami mai ruwan ɗorawa.

Ƙawarta ita ce Odessa Tillman, baƙar fata, mai aiki a ɓangaren tufafi. Tun da motar Marge ta mutu, Odessa ce ke ɗauko ta kullum da safe. Ranar da mijin Marge ya rasu, Wendell mijin Odessa, shi ma baƙar fata, na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Sai wani gidan talabijin ya turo samari biyu da ɓoyayyiyar kyamara, fari da baƙi, kowa da kaya iri ɗaya a keken sayayyarsa. Marge ta ɗaga wa farin hannu ya wuce. Baƙin kuwa ta tsayar da shi, ta bi rasit layi-layi. An rufe fuskarta a shirin, amma duk garin an san alƙalamin nan.

Kafin kwana biyu shafukan sada zumunta sun kama da wuta. Wasu na zaginta, wasu na zagin gidan talabijin, kowa ya zama malami a kan gatan farar fata. Mutanen da ba su taɓa taka Toledo ba su suka fi kowa zaƙewa.

Marge ta rubuta a shafinta: "Wane gata? Shekarata sittin da ɗaya, gwiwoyina sun gama aiki, ina tsaye awa takwas. Wanda ya ga gatan nan ya kawo mini, ina ƙofa ta biyu."

Maganar gaskiya, ta sha wahala a rayuwa. Wannan ba wanda zai musa.

Odessa ta amsa a ƙasa: "Ƙawata, ba wanda ya ce kin ji daɗin duniya. Amma Wendell bai taɓa fita daga kanti ba sai da rasit a hannu, a buɗe. Mijinki kuwa a kwandon shara yake jefa nasa. Ki kira ni mu yi magana."

Marge ta rubuta: "Ashe har da ke." Ta toshe ta a shafin, ta toshe lambarta. Washegari ta hau bas.

A kanti ma, in ta hango Odessa sai ta kau da kai. Da ta daina ganinta gaba ɗaya, ba ta tambayi kowa ba. Girman kai ya hana.

Ashe Odessa hutu ta ɗauka tana jinyar Wendell. Ta kira Marge sau da yawa, kiran bai shiga ba. Da ya rasu ta sa sanarwar jana'iza a shafinta, kowa ya gani ban da mutum ɗaya.

Sai bayan mako uku Marge ta ji, a ɗakin cin abincin ma'aikata. Ta dafa taliya da cuku, ta ɗauka har gidan Odessa. Ta same ta a falo tana ninke kayan mamacin za ta kai coci.

"Odessa, ban sani ba. Da na sani..."

"Na sani ba ki sani ba. Ajiye kwanon can. Riƙe mini wannan."

Ta miƙa mata kwat ɗin Wendell. Marge ta ji wani abu a aljihu, ta zaro. Rasit ne da yawa, an ɗaure da roba. Kowanne da layi ruwan ɗorawa. Ta gane hannunta.

"Ai shi yake tsayawa ya miƙo mini," in ji Marge. "Ni ban taɓa tsayar da shi ba."

"Haka ne. Kin taɓa ce masa ya wuce?"

Marge ta tuna maƙwabtanta fararen fata da take ɗaga wa hannu su wuce tun daga nesa. Mutumin da ya ɗauki gawar mijinta kuwa, shekara da shekaru tana karɓar takardarsa tana dubawa, suna gaisawa suna dariya.

"Bai taɓa riƙe ki a rai ba," in ji Odessa. "A asibiti sau biyu yana tambaya ko kin zo. Na ce masa gwiwa ce ta hana ki."

Marge ta zauna a kujera ta yi kuka mai yawa. Odessa ba ta kore ta ba, ba ta kuma rarrashe ta ba. Ta ci gaba da ninke kaya.

Har yau Marge na ƙofa ta biyu, kuma har yau a bas take zuwa. Ni abin yana ba ni tausayi duk lokacin da na wuce ta.

Darasi: Wahalar da ka sha ba ta goge ta ɗan'uwanka. Idan wanda ya san ka ya gaya maka abin da ke ci masa rai, ka saurare shi kafin ka kare kanka, kada ka toshe shi saboda hayaniyar baƙi a waya. Ku tura wa wanda kuka san ya yanke zumunci a kan gardamar intanet, ko zai kira tun da sauran lokaci.