Suwaitar da Inno Ta Kira Tsumma

Akwai wata mata a garin Kankiya mai suna Zuliha, wadda hannunta ba ya zama banza. Mijinta Ma'aruf gyaran babur yake yi a bakin tasha, kuma abin da yake samu iya cefane ne, wata rana ma sai an yi dabara. Suna da 'ya ɗaya, Rauda, 'yar wata takwas.

Zuliha ta iya saƙa tun tana gidansu. Amma zaren ulu ya yi tsadar da sai dai ta kalle shi a shago ta wuce. Don haka ta koma sayen tsofaffin suwaitu a wurin 'yan gwanjo. Ta warware su, ta wanke zaren, ta naɗe shi a jikin turmi ya bushe ya miƙe, sannan ta dunƙule shi ta ɗauki kwarashinta. Duk suwaitar da ta shigo gidan nan, to ta shiga uku. Har Ma'aruf yana tsokanarta cewa tsoron cire tasa yake yi.

Da damina ruwa ya rusa gefen ɗakin mahaifiyar Ma'aruf a ƙauyen Kaikai ta Kusada. Tsohuwar, wadda kowa ke kira Inno, Bafulatana ce mai kunyar gaske da ƙarancin magana. Ta zo Kankiya da ƙullin kaya a tsohon zane ta miƙa wa surukarta.

"Ki aje mani wanga kafin a gyara ɗakin."

"To Inno. Mi ke ciki, ko in sa a akwati?"

Inno ta kawar da kai. "Ba komi, tsummokara ne."

Aka gyara ɗaki, damina ta wuce, Inno ba ta aiko a karɓa ba. Sanyi ya shigo da ƙarfinsa, Rauda ta fara tari, ga hularta ta yi mata kaɗan. Zuliha ta duba kwandon zare, babu abin kirki. Sai ta tuna da ƙullin nan.

Ta kwance. Tsofaffin zannuwa biyu, da wata suwaitar maza koriya mai ratsin fari, hannunta ɗaya da ƙunar wuta. Zaren kuwa mai kauri, irin wanda yanzu ba a samu. Ta ce a ranta, ai mai abu da bakinta ta ce tsumma ne. Ba ta tambayi kowa ba. Kafin la'asar suwaita ta zama dunƙule huɗu, sai wuyan kawai da ya ƙi warwaruwa ta jefa a kwando.

Kwana uku ta gama hula da safa da 'yar riga. Wallahi sun yi kyau, maƙwabta har leƙowa suke yi.

Ma'aruf ya dawo cin abincin rana ya tarar da Rauda cikin sabbin kaya. Ya ɗauke ta yana dariya, yana ta yaba hannun matarsa. Can idonsa ya faɗa kan kwando. Ya ajiye yarinyar a hankali, ya ɗauko wuyan suwaitar, ya juya shi. A ciki akwai wani ɗinki da baƙin zare, irin na hannun tsofaffi.

"Zuliha, ina kika samo wannan?"

"Cikin tsummokaran Inno mana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya zauna daɓas a ƙasa, man inji a hannunsa ya dafe kai. Zuliha ta tsorata, don ba ta taɓa ganinsa haka ba.

"Baban Rauda, mi ya faru? Ka yi mani magana!"

"Ta Yaya Jaji ce. Da ita yake fita kiwo. Tana jikinshi ranar da maciji ya sare shi."

Zuliha ta dafe ƙirji. Ta san mijinta yana da wa da ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce, amma iyakar saninta ke nan. Jaji ɗan farin Inno ne, kuma a al'adarsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna so gare shi a gaban mutane. Ranar da ya rasu ma, in ji Ma'aruf, ba wanda ya ga hawayenta. An raba kayansa sadaka, kowa ya ɗauka har da suwaitar. Ashe ta ɓoye ta duk shekarun nan, kuma kunya ce ta hana ta faɗin abin da ke cikin ƙullin.

Zuliha ta kalli ƙafafun 'yarta cikin koriyar safa, ta fashe da kuka.

Ma'aruf ya ce, "Ki ɓoye kayan nan. In ta tambaya, mu ce ɓera ya cinye."

Ba su gama shawara ba, bayan kwana biyu sai ga sallamar Inno da hantsi, ta kawo nono kasuwa ta biyo. Rauda na ɗaki, an cire mata komai. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Inno ta ce, "Ɗauko mani ajiyata, zan tahi da ita."

Ma'aruf ya buɗe baki zai fara zancen ɓera. Zuliha ta riga shi. Ta shiga ɗaki ta fito da hula da safa da riga da dunƙule ɗaya da ya rage, da wuyan suwaitar, ta durƙusa ta ajiye su gaban tsohuwar.

"Inno, ni na warware ta. Ban tambaye ki ba. Ban san ko ta waye ba, amma ko ta waye bai kamata in taɓa ba."

Inno ta daɗe tana kallon kayan. Ta ɗauki wuyan suwaitar, ta shafa baƙin ɗinkin da yatsa.

"Jaji," ta ce. "Jajina."

Ma'aruf ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin mahaifiyarsa ba. Tsohuwar da ba ta yi kuka ranar jana'iza ba, ga ta tana kuka a tsakar gidan ɗanta, gaban surukarta.

Ta miƙe, ta ƙulle wuyan a bakin mayafinta, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ko ruwan ba ta sha ba.

Mako biyu Inno ba ta aiko ba, ba ta karɓi waya ba. Zuliha ta rame. Abin da ya fi damunta, tsohuwar nan ba ta taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ta gidan, ga abin da ta saka mata da shi. Ta wanke hular da safar da rigar, ta ninke ta sa a leda tare da dunƙulen da ya rage, ta goya Rauda da ɗankwali a kai, ta hau mota zuwa Kusada, daga nan ta hau babur zuwa Kaikai.

Ta tarar da Inno tana gyaran ƙwarya a bakin ɗaki. Ta durƙusa ta miƙa ledar.

"Na kawo maki kayanki, Inno. Ki yafe mani."

Inno ba ta kalli ledar ba. Jikarta ta kalla, wadda ke tari a baya.

"Cikin sanyin nan kika fito da ita da ɗankwali? Ina hular?"

"Tana cikin ledar. Na ga bai dace ba..."

"Sauko mani da ita."

Ta karɓi Rauda, ta sa mata hular da hannunta, ta sa mata safar. Ta daɗe da fuskarta a kan yarinyar.

"Na ji zafi, ɗiyata, kuma har yanzu ban gama ji ba," in ji ta. "Amma na ga bakin mijinki ranar nan, ƙarya zai yi mani. Da kin bar shi, da har in mutu ban san inda suwaitar ta tahi ba."

Ta ciro dunƙulen da ya rage ta juya shi a tafinta.

"Shekara sha biyar tana ƙulle, ba ta ɗumama kowa ba. Wanga zai isa safar babba?"

Zuliha ta share hawaye. "Zai isa, Inno."

"To ki saƙa mani. Ƙafafuna na yin sanyi da asuba."

Darasi: Kada ka taɓa ajiyar wani sai ka tambaya, ko da mai ita ya raina ta da bakinsa, don wani abin kunya ce ke hana a faɗi darajarsa. In kuma ka riga ka yi ɓarna, faɗi gaskiya ka ɗauki zafin, ita ce ke barin ƙofar yafiya a buɗe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu zama da iyaye da surukai.