Manomin da Ya Ji Tsoron Sayen Iri

Akwai wani manomi wanda kasuwa ta shiga jininsa. In ya fita sayen gishiri, sai ya dawo da hula da takalmi da sabuwar tocila, alhali tsohuwar tana nan lafiya lau. 'Yan kasuwa da sun hango shi sai su fara gyara zama. Abin ya kai har yana ɗiban hatsi a rumbu yana sayarwa don ya sayi abin da ba ya bukata, yaransa kuwa suna kwana da yunwa.

Wata rana ya leƙa rumbu ya ga ƙasansa, ya zauna ya yi kuka. Ya tuba da zuciya ɗaya, ya roƙi Allah gafara, ya roƙi matarsa. Allah ya gafarta masa, matarsa ma ta yafe. Shi kaɗai ne bai yafe wa kansa ba. Tun daga ranar, ko sabulu aka ce ya saya sai ya ji kamar sata zai yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da damina ta sauka, ya kwance buhun gyaɗar da ya ajiye don iri, ya tarar ƙwari sun huhhuda ta. Matarsa ta duba ta ce, "Maigida, wannan ba za ta tsira ba. Ga kuɗin akuyar da muka sayar, je ka sayo sabon iri."

Ya ce, "Ni da kasuwa mun raba hanya." Ya ɗauki hudajjiyar gyaɗar nan ya tafi ya shuka.

Gonakin maƙwabta suka yi kore shar. Tasa kuwa tsiro ɗaya nan, ɗaya can. Kullum yakan tsaya a bakin gonar yana kallo, zuciyarsa cike da baƙin ciki, domin da gyaɗar nan yake sa ran ciyar da gidansa. Ana nan sai wansa ya biyo ta wurin, ya dubi gonar, ya ce, "Me ka shuka a nan?"

Ya ce, "Abin da nake da shi, Yaya. Ban cancanci in ƙara sayen komai ba. Gara in sha wuya, ni na jawo wa kaina."

Wansa ya ce, "Ai ba kai kaɗai za ka sha ba. Yaran nan me suka saya? Bara sun kwana da yunwa saboda sayayyarka, bana kuma su kwana da yunwa saboda tubarka? Tashi mu je, ƙasa tana da sauran danshi."

Suka tafi kasuwa tare. Mai hula ya ƙwala masa kira, ya ce an kawo sababbi. Manomin ya gaishe shi ya wuce. Ya tsaya wurin mai iri, ya miƙa kuɗin akuyar. Da suka fito, wansa ya aza masa buhun a ka, ya ce, "Gode wa Allah." Ya gode, ya kuwa ji zuciyarsa ta kwanta. Ya sake shuka a makare. Bai sami kamar na maƙwabta ba, amma abin da ya samu ya ciyar da gidansa.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan shi ne duk wanda son sayayya ya taɓa ɗaure shi, Ubangiji kuma ya kwance shi. Hudajjiyar gyaɗar ita ce hukuncin da muke yanke wa kanmu bayan Allah ya riga ya yafe mana. Tana kama da tuba, amma ba ta tsiro. Yesu ya ɗauki hukuncinmu duka a kan gicciye, bai rage mana wani kaso da za mu ƙarasa da hana kanmu sabulu ba.

'Yan'uwa, in har yanzu kuna tsoron kasuwa, ku nemi wanda zai raka ku, ba abin kunya ba ne. Kafin ka saya, tambayi kanka ko bukata ce ko kwaɗayi. In kwaɗayi ne, gaida mai kaya ka wuce. In kuwa ɗanka yana tafiya makaranta ƙafa ba takalmi, saya masa, ka gode wa Ubangiji, ka koma gida da salama. Allah ya gama da laifinka, kada ka bar yaronka ya ci gaba da taka ƙaya dominsa.