Sunan 'Yar Barira

"Wai me ke cinye wa Barira 'ya'ya tun a ciki?"

A layin niƙa Barira ta ji wata ta yi wannan tambaya. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki garinta. Sau biyu tana haihuwa, sau biyu mijinta Sallau na fita da ɗan ƙunshi a tabarma. Ga ciki na uku ya shiga.

Sahura maƙwabciyarta ce ta biyo ta har madafa.

"Ƙanwata, ƙurji ya taɓa fito miki a gaba? Wanda ba ya zafi?"

Barira ta ce, "Da maigidana ya dawo daga cin rani. Ai ya warke da kansa."

"Bai warke ba, cikin jini ya shige. Tunjere ne, ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya. Ni uku na binne kafin na sani, ko uwata ban gaya wa ba."

Ba don Sahura ta tona asirin kanta ba, da Barira ba ta je asibiti ba.

A asibiti Nas Rifkatu ta auna jini, ta ce allura uku, mako-mako. Ranar ta ƙarshe rafi ya cika, mota ba ta wucewa. Rifkatu ta ɗora jakar magani a ka, ta ratsa ruwa har ƙirji, ta yi wa Barira allurar a ɗakinta.

Sai dai in ba a yi wa Sallau ba, ciwon zai dawo. Shi kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau. Mahaifiyarsa Iya Marka ta zauna a ƙofar ɗakinsa, ta kife kwanon tuwonta.

"Jikokina biyu ka haƙa wa rami. Ba zan ci ba sai ka je asibiti."

Kwana biyu ba ta ci ba. Ran na uku ya tafi.

Aka haifi mace, da kukanta. Sallau ya tsaya a bakin ƙofa, bai iya kallon matarsa ba.

"Ni na jawo. Ke za ki zaɓi sunan."

Barira ta duba jaririyar. Suna ɗaya ake raɗawa, kuma ta ƙudurta ko wa ta zaɓa, ba mai jin dalili daga bakinta, har ita yarinyar.

To, jama'a, cikin matan nan uku, wace ce ta cancanci a yi mata takwara?