Mai Yankan Gilashi da Famfon da Ya Ɗaure

Akwai wani mutum mai yankan gilashi a wani gari da ke nesa da teku. An san shi da abu ɗaya: in ya haɗa gilashi da gam, ko ɗigon ruwa ba ya samun hanyar fita. Shi ma kuwa ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka.

Wata rana ƙanen matarsa ya dawo daga Legas, ya kawo masa tsarabar kifayen teku guda uku a cikin jarka, biyu rawaya, ɗaya shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Mutumin nan, da bai san wani kifi ba sai tarwaɗa da karfasa, ya yi murna har ya manta da abincin rana. Nan da nan ya haɗa musu babban akwatin gilashi a falo. Kifin teku kuwa ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, kuma ba gishirin miya ba, wani ne na musamman da aka haɗo masa da su. Kwana uku ya yi yana aunawa, yana damawa, yana tacewa, kafin ruwan ya yi daidai.

Bayan mako guda sai ya ga wata dauɗa mai maiƙo tana taruwa a saman ruwan, kifayen kuma sun rage wasa. Sai ya tuna abin da ƙanen matarsa ya kwatanta masa kafin ya koma. Wato a manna wani ɗan ƙaramin akwati a ciki, daga can sama, domin ruwan da ke saman babban akwatin ya riƙa malalowa cikinsa. Daga nan ruwan ya bi bututu ya sauka cikin baho a ƙasa, soso ya tace shi, wani ɗan inji kuma ya mai da shi sama.

Kai, ranar da ya fara wannan aiki, ku zo ku ga zumuɗi! Yana yanka yana rera waƙar sujada. Ya fitar wa bakin ɗan akwatin da haƙora irin na mataji, don ruwa ya wuce amma kifi kada ya bi. Ya kira matarsa ta zo ta gani ya fi sau goma, har tuwonta ya kusa kamawa.

Da ya zo kan bututun da zai fitar da ruwa, sai ya tsaya. Ya ce a ransa, "Ruwan da na sha wahalarsa kwana uku, shi zan buɗe wa hanya ya fice haka kawai? A'a. Ya shigo da yawa, ya fita kaɗan-kaɗan." Sai ya sa wa bututun kan famfo, ya murɗa shi ya ɗaure, har ruwa ba ya iya wucewa sai siriri kamar zare. Ya ja da baya yana murmushi, yana ganin ya fi mutanen Legas dabara.

Ran Asabar da la'asar ya gayyato maƙwabta. Falo ya cika. Ya kunna inji, ruwa ya hau, ya fara malala ta tsakanin haƙoran nan, mutane suka yi ta tafi. Shi kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Amma inji yana ta turowa, bututu kuma ba ya fitarwa. Ɗan akwatin ya cika, ruwa ya shanye haƙoran, ya kai bakin babban akwatin, ya fara kwarara kan siminti. Kafin wani ya ankara, shuɗin kifin ya biyo ruwan ya faɗo ƙasa yana mutsu-mutsu.

"Baban Tabita, kifinka!" in ji matarsa. Ta durƙusa, ta kamfato shi da hannu biyu, ta jefa shi cikin bahon. Mutumin ya yi tsalle ya kashe inji, yana cewa injin nan ya yi ƙarfi da yawa.

A cikin baƙin akwai wani tsoho mai gyaran famfo. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya taɓa kan famfon, ya ce, "Ɗana, inji ba shi da laifi. In ka bar shi a kashe, ruwan zai lalace kifayen su mutu. In ka kunna shi haka, zai zubo da su. Buɗe nan."

"Baba, ai duk ruwan zai tafi."

"Ina zai je? Buɗe ka gani."

Mutumin ya ɗora hannu a kan famfon. Zuciyarsa ba ta so, gaskiya ba ta so ko kaɗan. Ya dubi kifin da ke kwance a gefe ɗaya cikin baho, yana buɗe baki da ƙyar. Sai ya runtse ido, ya buɗe famfon gaba ɗaya, aka kunna inji. Ruwa ya gangara da gudu, ya kwashe dauɗar nan ya kai wa soso, ya dawo sama garau. Aka mai da shuɗin kifin cikin 'yan'uwansa. Can sai ya kaɗa wutsiya ya zagaye akwatin sau biyu. Matar ta rangaɗa guɗa, mutumin kuwa ya rungume tsohon, su duka a tsaye cikin ruwa.

To, 'yan'uwana, ga ma'anar wannan misali. Akwatin nan shi ne rayuwarka, ruwan kuwa alherin Allah ne da yake turo maka kowace safiya, ba ya fashi: abinci, lafiya, sana'a, gafara. Kan famfon nan kuma hannunka ne. Akwai wanda Allah ya ba sana'a, amma ya ƙi koya wa kowa don kada a fi shi. Akwai wadda Ubangiji ya gafarta mata abubuwa masu yawa, amma shekara uku ke nan ba ta amsa gaisuwar ƙanwarta. Muna tsammani tattali muke yi, alhali abin da muka sake domin Allah ba ya ɓata, tsabtacewa yake yi ya komo.

Ku lura kuma da wannan da kyau. Ranar da mutumin nan ya ɗaure famfonsa, ba shi ne ya faɗi a kan siminti ba. Mai rai ne da aka danƙa masa ya kula da shi. Haka yake a gidajenmu: in ka ƙulle hannunka da zuciyarka, matarka da 'ya'yanka da maƙwabcinka su ne za su fara shan wuya. Wataƙila ma yau akwai wani a gidanka da yake numfashi da ƙyar, kai kuwa kana tsaye kana ganin laifin inji.